'Yan Taru: Yadda Matan Da Suka Riƙe Juna

   

Yau dai tarihi za mu taɓa. Amma kafin mu shiga, bari in faɗa miki abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Kwanakin baya wata 'yar uwa ta aiko mana da saƙo, ta roƙi kada a ambaci sunanta, kuma ba za mu ambata ba. Ta ce aiki ne ya kai maigidanta wani gari, suka kama haya a wata sabuwar unguwa, irin unguwannin nan da kowa ya ja katanga ya sa ƙyauren ƙarfe. A nan ta haihu, haihuwar fari. Mahaifiyarta ba ta da lafiya, ba ta samu isowa ba sai ana gobe suna. Kwana shida cur, in ji ta, ita take dafa ruwan wankanta, ita take wanke kayan jariri, ita take dama kunun kanwarta, sai ɗan abin da maigida ya taya ta da safe kafin ya fita. Gidaje huɗu ne a jere da nasu, duk akwai mata a ciki, kuma duk sun ji kukan jariri. Ba wadda ta leƙo. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne da ta zauna ta yi tunani, sai ta ga ita ma wata takwas ta yi a unguwar, ba ta taɓa taka gidan kowa ba. Sai ta rufe saƙon da tambaya, wai shin haka iyayenmu suka zauna?

To 'yar uwa, ba haka suka zauna ba. Domin in ba ki amsa mai hujja, zan kai ki ƙasar Sakkwato, mu koma baya kusan shekara 200, mu ga yadda wasu mata suka tsara taimakon juna a lokacin da ya fi namu wuya. Su ne ake kira 'Yan Taru, kuma wadda ta kafa su ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Sarkin Gobir. 'Yan biyu ne ita da ɗan uwanta Hassan. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, suka yi mata tarbiyya, ta yi karatu a cikin gida tare da 'yan uwanta. Ki lura da wannan da kyau. Matar da duniya take alfahari da ita a yau marainiya ce, kuma abokan zaman mahaifiyarta ne suka raine ta. Tun daga nan ta san daɗin a riƙe mutum.

A watan Fabrairu na shekarar 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, saboda matsin da suke fuskanta daga Sarkin Gobir Yunfa. Nana Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba a lokacin. A cikin shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, a ƙarshenta kuma aka yi na Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasu. Jama'a ta yi ta tashi daga wannan zango zuwa wancan, ga yunwa, ga ciwo, har suka sauka Gwandu a 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sannan Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809.

Mu da muka yi makarantar boko, waɗannan sunaye da shekaru su aka ba mu muka haddace don jarrabawa. Amma ban tuna wani malami da ya taɓa tambayarmu wa ya riƙe 'ya'yan waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa ba, ko wa ya zauna da matansu lokacin takaba. Ai kuwa wani ya yi wannan aikin, kuma mata ne suka yi shi.

Nana Asma'u ta auri Gidado ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi, ya riƙe sarautar Musulmi har zuwa 1837. Duk tsawon wannan lokaci ƙasa ba ta kwanta ba, ana ta fafatawa da Gobirawa da Kabawa da sauransu, har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836. Kowane yaƙi kuwa yana barin baya da ƙura. Akwai matan da mazansu ba su dawo ba, akwai marayu, akwai kuma matan da aka kamo a yaƙi aka rarraba su a gidaje da garuruwan ribaɗi irin su Wurno. Wannan gaskiya ce ta tarihi, ba za mu ɓoye ta ba. Mace an rabo ta da garinsu da danginta, ta tsinci kanta cikin mutanen da wataƙila ko harshensu ba ta ji. In ciwo ya kama ta ko baƙin ciki ya yi mata yawa, abin da ta sani tun a gida shi ne bori, can za ta nufa.

Ita kuwa Nana Asma'u malama ce ta gaske, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, malamai maza suna girmama ta. 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Da ta so, da ta zauna a ɗakinta tana karantar da 'ya'yan manyan gida, ba wanda zai ga laifinta. Amma sai ta sa wa kanta damuwar matan ƙauye. Matsalar kuwa a fili take. Matar aure mai goyo, ga miji, ga girki, ga surfe da daka, ta yaya za ta bar gida ta yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa Sakkwato don ta yi karatu? Ita ma malamar ba za ta iya zaga kowane ƙauye ba.

Ga dabarar da ta yi, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. A kowane yanki sai a samo mace dattijuwa, mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita. Nana Asma'u ta karantar da ita, sannan ta naɗa ta shugabar matan yankinta. Sunan wannan shugaba jaji, sunan da ake kiran mai jan ragamar ayari. Alamar naɗin kuwa ita ce malfa, a ɗora mata a ka, a naɗe ta da jan rawani.

Wannan malfa tana da labari. A masarautar Gobir akwai sarautar Inna, mace ce 'yar gidan sarauta, ita ce shugabar mata kuma uwar 'yan bori, kuma malfa tana cikin kayan sarautarta. Duk macen da ta tashi a ƙasar Gobir, in ta hango malfa a kan mace ta san shugaba ce ke tafe. Sai Nana Asma'u ta ɗauki wannan alama da matan suka riga suka sani suke kuma girmamawa, ta ɗora wa malamai mata. Kin ga hikima? Ba ta fara da zagin inda suka fito ba, ba ta ce musu jahilai ba. Ta shigo musu ta ƙofar da suka sani. Mu yau sau nawa muke zuwa taimakon mutum, mu fara da nuna masa cewa bai iya komai ba?

To su wa suke tafiya tare da jaji? Rukuni biyu ne. 'Yan mata waɗanda ba a kai ga aurar da su ba, da kuma tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa da raino. Su ne ba su da nauyin da zai ɗaure su a gida. Jaji ta tattara su, su kamo hanya a ƙafa, tana gaba da malfarta, har gidan malama. A can su ɗauki karatu, su yi tambayoyi, su kawo matsalolin da matan garinsu suka aiko su da su. In sun koma gida sai su bi matan aure ɗaki ɗaki suna isar musu da abin da suka koyo. Wato dai mai ƙafa ta yi tafiya a madadin wadda ba ta da halin fita. Mai goyo ba ta bar ɗakinta ba, amma ilimi ya same ta har bakin murhu.

Karatun ma an sauƙaƙa shi daidai da halin masu ɗauka. Yawancin matan nan ba su iya karanta rubutu ba, don haka Nana Asma'u ta zuba darussan cikin waƙa. Akwai waƙoƙin da suke koyar da tsarki da salla da azumi, akwai na tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai kuma na gargaɗi a kan ha'inci a mudu da cin amana da gulma. Ta rubuta wasu da Hausa, ta kuma juya wasu daga Fulatanci zuwa Hausa saboda waɗanda ba sa jin Fulatanci. Mace tana kaɗi ko tana niƙa tana rerawa, 'yarta tana gefe tana ji, karatu ya shiga gida ke nan ba allo ba tawada.

Akwai wani ɓangare na tsarin da nake so ki riƙe, domin shi ne ya fi taɓa batunmu na yau. 'Yan Taru ba sa zuwa hannu rabbana. Matan ƙauyen da ba su samu tafiya ba sukan ba da ɗan abin da suke da shi a kai sadaka. Wannan ta ba da hatsi, wannan man shanu, wannan zuma, wannan zaren da ta kaɗa da hannunta. In kayan sun isa, Nana Asma'u ba ta tara su a rumbunta, rabar da su take yi ga makafi da guragu da marasa lafiya da sauran gajiyayyu. Saboda haka matar ƙauye da ba ta mallaki komai ba sai mudun gero, ita ma tana cikin masu ciyar da mabukatan birni. Ta karɓi ilimi, ta ba da hatsi, ba wadda ta zama 'yar karɓa kawai. Irin wannan taimako shi ne ba ya zubar wa mutum da mutunci.

Aikin jaji kuma bai tsaya ga karatu ba. Da yake ita ce macen da gari ya amince da ita, ita ake nema in mata sun saɓa a sasanta su, ita ake nema in mace ta rasu za a yi mata wanka, ita take sa ido a kan maraya da mara lafiyar da ba shi da mai jinya.

Yanzu bari in kawo miki abin da ya fi burge ni a duk tarihin wannan baiwar Allah. Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙin ta'aziyya da dama. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello, ta yi wa mijinta Waziri Gidado, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne kuma na jikinta ne. Amma a cikin waƙoƙin akwai wadda ta yi wa wata mata mai suna Halima. Wace ce Halima? Maƙwabciyarta ce. Abin da ta yabe ta da shi shi ne kyawun zama da mutane, son yara da manya, da riƙon zumunci. Akwai wadda ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, saboda ɗawainiyar da ta sha wajen kawo mata ɗaukar karatu. Akwai kuma wadda ta yi wa wata mata Zaharatu, wadda halinta shi ne duk inda aka kira ta za ta je. In naƙuda ce ta je ta karɓi haihuwa, in rasuwa ce ta je ta yi wankan gawa, ta kuma koyar da wanda bai sani ba.

Ki duba fa. Waɗannan mata ba su ci gari da yaƙi ba, ba su riƙe sarauta ba, ba su bar dukiya ba. Amma babbar malamar zamaninta ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunayensu, kuma yau sunan Zaharatu yana cikin littafi ɗaya da sunan Sarkin Musulmi. A wurin Nana Asma'u, tashi da tsakar dare zuwa ɗakin mai naƙuda aiki ne da ya isa a rubuta a tarihi. Mu kuwa sau da yawa irin waɗannan mata ne muke wucewa a unguwa ko gaisuwar kirki ba ma yi musu, sai ranar da buƙata ta taso a aika yaro da gudu ya kirawo su.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Amma aikin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru, bayanta kuma wasu matan gidan suka ɗora. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, mulki ya sauya, aka kawo boko, aka kawo mota, amma jaji ba ta ajiye malfarta ba. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da jajoji suna nan suna aikinsu, ta zauna da su ta ji daga bakinsu. Marigayi Waziri Junaidu, wanda jikan gidan Gidado da Nana Asma'u ne, shi ya buɗe mata taskar rubuce-rubucen da ke hannunsa. Ta fitar da littafin tarihin Nana Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a littafi guda. Ƙungiyoyin mata na zamani ma, irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, suna ambaton Nana Asma'u a matsayin abin koyi, ga kuma makarantu barkatai da suke ɗauke da sunanta.

Me ya sa abin ya daɗe haka? A ganina saboda tsari aka yi masa. An san wa za ta tafi, an san wa za ta zauna, an san inda sadaka za ta shiga da inda za ta fita. Tausayi kawai yakan zo ya wuce, yau kin ji shi, gobe hidimar gidanki ta sha kanki kin manta. Amma in an raba aiki kowa ta san nata, ko ranar da zuciya ba ta so, ƙafa za ta je.

Wataƙila ki ce, to ai wannan gidan malamai ne da sarakuna, mu talakawa fa? Bari mu bar Sakkwato mu gangaro ƙasar Zazzau, mu ji daga bakin wata talaka. Sunanta Baba, mutuniyar wani ƙauye da ake kira Karo. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba wa wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya, kafin zuwan Turawa, aka buga shi littafi a 1954. Baba ba malama ba ce, ba 'yar sarauta ba ce, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, domin dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙe, ta aurar. A labarinta za ki ji yadda ƙawance yake a da. Mace takan zaɓi ƙawa, a san da zaman ƙawancen a gari, in bikin ɗaya ya tashi ɗayar ce a kan gaba da gudummawarta, in nata ya zo a rama mata. Za ki ji yadda mata suke taruwa a kan maijego, da yadda dangi suke harhaɗa kuɗi su fanso nasu in mahara sun kama shi. Maza suna da gayya a gona, mata suna da biki da adashe a cikin gida. Kowanne tsari ne da aka san ƙa'idarsa, kuma shi ne asusun talaka tun ba a san banki ba.

To ina muka baro wannan? Gaskiya ba za mu ɗora wa maƙwabtan waccan 'yar uwa laifi duka ba. Zama ya canja. Da gidan gandu ake yi, kaka da gwaggo da matan 'yan uwa duk tsakar gida ɗaya. Yanzu aure yakan ɗauke yarinya ya kai ta garin da ba ta san kowa ba. Mata da yawa suna fita aiki tun safe sai yamma. Ga tsadar rayuwa, ga tsoro, domin an sha jin wanda aka taimaka ya juyo ya cuci mai taimakonsa. Wata kuma tana so ta shiga, amma tana gudun a ce ta cika shisshigi. Duk waɗannan dalilai ne na gaske.

Amma akwai laifin da yake namu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bikin da aka kafa don a rage wa juna nauyi mun mai da shi gasa. Ana fitar da anko mai tsada, wadda ba ta da hali ta ci bashi ko ta ƙi zuwa don kunya. Ana buɗe littafi a rubuta abin da kowa ta kawo, wadda ta kawo kaɗan a yi da ita. Mun iya cika gida ranar suna, mu ci mu sha mu ɗauki hoto, amma kwana shidan da suka gabaci suna, lokacin da maijego take buƙatar mai ɗora mata ruwa, ba kowa. Wata kuma za ta taimake ki da safe, kafin la'asar unguwa duk ta ji. Shi ya sa mata da yawa suka gwammace su kulle ƙofa su sha wuyarsu, da a taimake su a tona musu asiri.

Duk da haka ban yarda halin ya mutu ba. Lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, wajen 2014, jama'a suka yi ta kwarara cikin Maiduguri, mafi yawansu ba a sansanin gudun hijira suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar mutum biyar ta ciyar da goma sha biyar, kuma mata ne a bakin murhun. A 'yan shekarun nan ma, a ƙasar Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, wato yankin da jajoji suka yi ta takawa a ƙafa, hare-haren 'yan bindiga sun raba mata da yawa da mazajensu da garuruwansu, kuma 'yan uwa da maƙwabta ne suke fara karɓarsu. Irin matan da Nana Asma'u ta damu da su suna nan a cikinmu, wata ma tana bayan katangarki.

Saboda haka ga ɗan abin da nake ganin za mu iya ɗauka daga 'Yan Taru, ba sai mun jira gwamnati ko wata ƙungiya ba.

Na farko, ki san maƙwabtanki tun kafin buƙata ta taso. Zumunta a ƙafa take. Ki nemi izinin maigida ki shiga gidajen da ke kusa da ke ki gaisa, ko da ɗan ƙosai ne a kwano. Ƙofar da ba ki taɓa ƙwanƙwasawa da rana ba, da wuya ki iya ƙwanƙwasa ta da tsakar dare.

Na biyu, ku yi tsari. In ku biyar ne ko shida a layi, ku zauna ku yanke cewa duk wadda ta haihu ko ta kwanta ciwo, wance ce da abincin Litinin, wance da na Talata, wance za ta riƙa kai yara makaranta. In kuna adashe, ku ware ɗan wani abu a gefe wanda ba na kwasa ba ne, na asibiti ne da rasuwa.

Na uku, ku jawo tsofaffi a jiki. Nana Asma'u da tsofaffi ta yi aikinta. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ta aurar da 'ya'yanta, tana zaune da sani da lokaci, ba mai tambayarta. Ita ce jajinku. Ku girmama ta, ku kuma tuna ita ma tana da buƙata.

Na huɗu, kada ki raina abin hannunki, kada kuma ki hana wata ta ba ki nata. Wadda ba ta da kuɗi tana da hannun wanki, tana da bayan goyo, tana da kunnen sauraro. In kin taimaki mace, ki bar mata hanyar da ita ma za ta yi miki wani abu, don ta riƙa haɗa ido da ke ba tare da jin nauyi ba.

Na biyar, kuma shi ne ginshiƙi, ki riƙe sirri. Abin da kika gani a ɗakin maijego ko na mara lafiya, ki bar shi a nan. Ba don matan gari sun amince da bakin jaji ba, da ba su bar ta ta shiga ɗakunansu ba.

Ke kuma 'yar uwa da kika aiko mana da saƙo, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mahaifiyarki lafiya. Abin da ya same ki ba daɗi, amma kin riga kin gano bakin zaren da kanki tun da kika ce ke ma ba ki taɓa shiga gidan kowa ba. In kin yi arba'in, ki saɓa ɗanki ki bi gidajen nan huɗu ki gaishe su, kada ki kai ƙorafi. Ina kyautata zaton a cikinsu akwai wadda ta ji kukan jaririn nan ta so shigowa, kunya ta hana ta. Ki rubuto mana ki faɗa mana yadda kuka yi.

Sauran 'yan uwa kuma, ina so kowace ta duba unguwarsu ta gano wace ce Zaharatun wurin, wato matar da ake kira in an shiga uku kuma ba ta taɓa cewa a'a ba. Ki je ki gaishe ta a wannan mako tun tana da rai. In kin ga dama ki aiko mana da labarinta, ba sai kin faɗi sunanta ba, za mu karanta a fili na gaba.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da jajojinta da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da ƙasarmu, ya haɗa mu da maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga wasu. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.